Darasin Wannan Wata: Saran Itace a Lokacin Hunturu

Karatu: Maimaitawar Shari'a 19:5 da 20:19-20

'Yan'uwa manoma, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne ƙungiyoyinmu na gama kai suke juyawa ga aikin itace. Wasu suna neman katakon rufin ɗakin sujada, wasu azarar rumbu, wasu kuwa an ɗauke su kwangilar kā da tsofaffin itatuwa a gidajen Unguwar Rimi, da Malali, da Kawo. Aikin yana kawo kuɗi a lokacin da gona ba ta kawo kome. Amma yana cikin ayyukan da suka fi cin rai a duniya, hunturu kuma yana ƙara masa hatsari. A karanta wannan darasi a taron ƙungiya kafin kowa ya ɗauki gatari.

1. Abin da hunturu yake yi wa aikin

A ƙasashen sanyi kamar Kanada da Rasha, masu sana'ar katako sukan yi babban aikinsu cikin tsakiyar sanyi, gama ƙasa ta daskare, manyan motoci suna wucewa ba sa kafewa. Mu ba mu da ƙanƙara, amma dalilinmu ɗaya ne da nasu: da rani ne hanyoyin daji suke bushewa har mota ta shiga. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska takan buso daga arewa maso gabas, tana ɗauke da ƙurar hamada. Ga abubuwa huɗu da take jawowa.

Na fari, iska. Takan kwanta da asuba, ta tashi da hantsi. Itacen da aka sare rabinsa, bugu ɗaya na iska ya isa ya juya shi inda ba a nufa ba.

Na biyu, hazo. Mai sara ba ya ganin busasshen reshen da yake rataye a sama, ba ya kuma ganin yaron da yake tsintar kirare a can gefe.

Na uku, bushewa. Ƙotar gatari takan bushe ta tsage, ruwan gatarin ya yi sako-sako. Karatunmu na fari yana maganar mutumin da ya tafi daji saran itace tare da maƙwabcinsa, ƙarfen ya kuɓuce daga ƙota ya kashe maƙwabcin. Abin da ya faru a zamanin Musa yana faruwa har yau. A duba ƙota kowace safiya. Wadda ta tsage a sāke ta, kada a ɗaure ta da roba.

Na huɗu, wuta. Ciyawa ta bushe ƙayau. Wutar jin ɗumi da ba a kashe ba, ko guntun taba, ko fetur da ya zuba kusa da inji mai zafi, yana iya cinye gonar itace ta shekara goma cikin sa'a guda.

2. Kafin a taɓa itace

A nemi izini. Itacen da yake cikin gandun daji na gwamnati ba na kowa ba ne ya sare. Gandun dajin Afaka, yamma da Mando, an keɓe shi tun 1954 domin gwajin dashen itatuwa, irin su turare da sauransu. A je wurin malamin daji a karɓi takarda, a ajiye ta wurin magatakardan ƙungiya. Cikin gari ma a tambayi hukuma tukuna, ko da itacen yana cikin gidan mutum. In akwai wayar lantarki kusa, kada a fara sai ma'aikatan wuta sun yanke ta.

A san irin itacen. Madobiya ta sha sara ƙwarai saboda kasuwar ƙasar Sin, har tun 2017 yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa ba a fitar da katakonta waje sai da takardar izini ta musamman. Daga 2023 maɗaci da kawo su ma sun shiga wannan doka. Karatunmu na biyu ya hana Isra'ilawa saran itatuwa masu ba da abinci ko a lokacin yaƙi. To, balle mu da muke sara domin kuɗi? Ɗorawa, da kaɗanya, da tsamiya, su ne daddawa da man kaɗe da kunun matanmu. Kuɗin gawayinsu na mako guda ne, amfaninsu kuwa na 'ya'ya da jikoki.

Kada mutum ya tafi shi kaɗai. A watan Maris na 2021 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin aikin gandun daji ta gwamnatin tarayya a Afaka. Kafin a shiga kowane daji a tambayi mai unguwa labarin hanya, a faɗa wa na gida inda za a, a kuma komo da sauran rana.

3. Yadda ake kā da itace

(a) A zagaya itacen, a duba inda ya karkata da inda rassa suka fi nauyi. A ƙwanƙwasa gindinsa da bayan gatari. In ya yi amo kamar ganga, yana da kogo: zai iya karyewa ba shiri, wataƙila kuma akwai ƙudan zuma a ciki.

(b) A share ciyawa kewaye da gindin. A share hanyoyin gudu guda biyu, a bayan itacen, ɗaya ta karkata dama, ɗaya hagu. Kada a gudu kai tsaye ta baya, gama gindin yakan yi harbi kamar jaki.

(c) A kori kowa zuwa nisan da ya kai tsawon itacen sau biyu. Itace mai mita 15, sai mutane su tsaya bayan mita 30. A sa mutum ɗaya ya tsare hanya.

(d) A yanka baki a gefen da ake so ya faɗi. Zurfinsa ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin itacen. A cire ɓallin sarai.

(e) A koma baya a yanka, ɗan sama kaɗan da ƙasan bakin. Kada a yanke duka. A bar tsakani wajen kashi ɗaya cikin goma na kaurin itacen. Wannan abin da aka bari shi ne linzami. Shi yake riƙe itacen har ya kwanta inda aka nufa. Wanda ya yanke shi ya saki doki ba linzami.

(f) Da itacen ya fara motsi, a yi kira da ƙarfi, a kashe inji, a bi hanyar gudu, ido yana kan itacen.

(g) In ya faɗi ya rataye jikin wani itace, kada a hau, kada a shiga ƙarƙashinsa, kada a sare wanda ya tare shi. A jawo gindinsa daga nesa da igiya mai ƙarfi ko tarakta.

In iska tana kaɗa kan itacen, ko hazo ya hana ganin ƙwanƙolinsa, a bar aikin sai gobe. Kuɗin hayar inji na yini guda bai kai kuɗin asibiti ba.

4. Mai inji da injinsa

Zarto mai inji ba abin koyo ba ne a kan babban itace. Ƙungiya ta ɗauki wanda ya ƙware, ta kuma saya masa hular kwano, da tabarau, da abin toshe kunne, da safar hannu, da takalmi mai ƙarfi. Silifa ba takalmin aiki ba ne. Babbar riga da mayafin sanyi mai lilo a tuɓe su, gama sarƙa tana kamawa. Kada a yanka da ƙarshen bakin zarto, nan ne yake zabura ya komo wa fuskar mai shi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, tana dakusar da haƙora, saboda haka a share ta kowace yamma, a wasa haƙora da zarar garin katako ya koma laushi kamar na tuwo. A garwaya fetur da baƙin mai yadda takardar injin ta ce. A bar inji ya huce kafin a ƙara mai, a kuma matsa taku uku ko huɗu kafin a tā da shi. A sha ruwa ko ba a jin ƙishi. Burukutu ba ya maganin sanyi a bakin aiki; sai dai ya rage hankali.

5. Bayan sara

Katakon da aka tsaga a hunturu, in aka bar shi a rana, bushewa yake da sauri har ya tsattsage. A jera shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a sa ƙananan sanduna tsakanin jeri domin iska ta ratsa, a shafa fenti a bakunan biyu.

Kututture kuma kada a ƙone shi. Turare da dogon yaro suna tohuwa in an yanke su ƙasa-ƙasa, a karkace, don kada ruwa ya kwanta a kai. A Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983, wani ɗan mishan mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki da manoma a kan haka: a zaɓi toho mafi ƙarfi kaɗan a kan kututture, a sassabe sauran, a tsare su daga awaki. Ana kiransa sassabin zamani. Ta wannan hanya gonaki wajen hekta miliyan 5 suka sāke samun itatuwa a Nijar, ba tare da kuɗin sayen dashe ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne itatuwa ne iyayenmu suka sani a ƙasarmu, waɗanda yau babu su?
2. In ɗan ƙungiya ya ji rauni a wurin sara, wa zai biya magani? Muna da asusu domin wannan?
3. Itatuwa nawa za mu sare bana, nawa kuma za mu raina a madadinsu? Wa zai rubuta?

Aikin wata: kowane ɗan ƙungiya ya kawo gatarinsa taro mai zuwa a duba ƙotar tare.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka tsare hannuwanmu da rayukan maƙwabtanmu a wurin aiki, ka sa mu zama amintattun masu riƙon ƙasar da ka ba mu. Amin.