Ƙosan Nama Irin na Indiya

Shami kabab abinci ne da ya shahara a gidajen Musulmin arewacin Indiya da Pakistan, musamman a birnin Laknau na jihar Uttar Pradesh, kuma ana yin sa da naman da aka dafa tare da wani irin wake da kayan yaji, aka niƙa, aka mulmula, aka danne shi ya yi faɗi kamar waina, sannan aka soya cikin mai kaɗan. A wannan jiha an fi yin sa da naman ɓauna ko na akuya, domin wata doka ta 1955 ta hana yanka saniya a can, amma a Jega da Maiyama na jihar Kebbi, inda naman shanu ba ya yankewa a wurin mahauta, babu wannan cikas.

Duk matar da ta iya dambun nama ta riga ta san rabin aikin, tunda shi ma tafasa ne da daka. Ana bukatar tsoka zalla rabin kilo, wadda aka cire wa kitse da jijiya, domin jijiya ba ta dakuwa, kitse kuwa narkewa yake yi ya saki curin. Waken Indiyawa, wanda suke kira cana dal, yana da wuyar samu a kasuwannin Kebbi, sai dai farin wake da aka surfa kamar za a yi alale yana maye gurbinsa, kuma gwangwanin madara ɗaya, wanda bai cika ba, ya isa. Aikin waken shi ne ya riƙe naman idan ya dahu ya yi gari.

A zuba naman da waken a tukunya tare da albasa ɗaya, da tafarnuwa, da ɗanyar citta, da barkono, da gishiri, da cokalin shayi ɗaya na garam masala, wato haɗin kayan ƙamshi da Indiyawa suke soyawa sama-sama ba tare da mai ba kafin su dake. A gida ana iya haɗa makamancinsa da kanumfari da masoro da kirfa, amma kanumfarin kada ya wuce ƙwaya huɗu ko biyar, saboda ɗacinsa yana danne komai. Ruwan da za a zuba ya tsaya daidai kan naman, a rage wuta, a bar shi har waken ya faffashe.

Inda aka fi kuskure shi ne wurin tsane ruwan. Ba a sauke tukunyar sai romon ya ƙone ƙaf, har idan aka ja muciya a ga gindin tukunyar a bushe, domin haɗin da ya rage da laima wargajewa yake yi da zarar ya taɓa mai. Haka nan albasar Aliero, wadda ake lodinta a manyan motoci zuwa kudancin Najeriya, tana da ruwa sosai idan sabon cira ce, saboda haka wadda za a ƙara ɗanya bayan daka sai a yanka ta ƙanana, a barbaɗa mata gishiri, a matse ta cikin tsabtataccen ƙyalle.

Bayan naman ya huce sai a daka shi a turmi har ya yi laushi ya kama jikinsa, a sa albasar da yankakken attarugu da ganyen na'a-na'a, a fasa ƙwai ɗaya a cuɗa. A shafa mai a tafin hannu, a ɗebi curi kamar girman ƙwan kaza a danne. Man gyaɗa ya rufe gindin kasko kawai, kuma ba a juya ƙosan sai gefen da ke ƙasa ya yi ja ya yi ɓawo. Mai gaggawar juyawa dambu zai kwashe. Yana da kyau a fara gwada guda ɗaya, idan ya tsage a ƙara cokali ɗaya na fulawa.

Dakakken nama ya fi gunduwa saurin lalacewa, balle a zafin bazara, kuma haɗin da aka sa wa ɗanyen ƙwai ba ya jira, don haka gidan da babu firji sai a soye shi duka nan take, a ci a ranar.