Zaitun da kabewa: wanne ya fi amfani ga iyali?

A kasuwannin Maradi, Damagaram da Tawa ana ganin ƙananan kwalabe na man zaitun wajen masu sayar da magani da turare. Alhazai ma suna kawo shi tsaraba. Mutane suna girmama shi, domin sunan zaitun ya zo cikin Alƙur'ani. Kabewa kuwa, wadda wasu ke kira kabushi, tana kwance bayan ɗaki, ba mai dubanta sai ranar miyar taushe. Ya kamata manomi ya san abin da kowannensu yake ba jiki kafin ya kwance lalitarsa.

Yadda suke tsirowa

Zaitun itace ne. Mazauninsa ƙasashen bakin Bahar Rum: Sipaniya, wadda ta fi kowace ƙasa yin mansa, da Italiya, Girka, Turkiyya, Tunisiya da Maroko. Wanda ya dasa shi sai ya yi haƙurin shekaru kafin ya ga ƴaƴa, amma icen yana iya rayuwa ɗaruruwan shekaru. Yana jure fari. Sai dai yana bukatar dogon sanyi kafin ya yi fure, shi ya sa ba a nomansa a gonakin kudancin Nijar. Akwai wani zaitun na daji a kan duwatsun Abzin, amma ƴaƴansa ƙanana ne, ba a samun man kirki daga gare su.

Ɗan zaitun bai kai dabino girma ba, kuma ƙwallo ɗaya gare shi a ciki. Ɗanyensa ɗaci ne da shi ƙwarai. Sai an jiƙa shi cikin ruwan gishiri kwanaki da yawa yake ciyuwa. Mai hawan jini ya yi hattara da wannan gishiri.

Kabewa yaɗo take yi. Danginta su ne duma, guna da kankana. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, amma ta daɗe da zama ƴar gida. A shuka da farkon damina, cikin wata 3 ko 4 ta nuna. Furenta iri biyu ne a jikin yaɗo guda: namiji da mace. Ana gane macen da ɗan kumburi a gindin furen. Shi ne zai zama kabewa. Ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin namijin fure su kai wa macen. Wanda ya fesa maganin ƙwari da safe, lokacin da furanni suke buɗe, ya kashe masu yi masa aiki kyauta, kuma ƴaƴan za su zube tun suna ƙanana.

Abin da suke ba jiki

Amfanin zaitun yana cikin mansa. Babban cokali ɗaya na man zaitun yana ba da ƙarfi kusan daidai da rabin kilo na kabewa. Dalili kuwa, cikin kilo 10 na kabewa, kilo 9 ruwa ne. Man zaitun ya fi kitse da man shanu kyau ga zuciya da hanyoyin jini. Wannan gaskiya ne. Amma man gujiya da mata ke matsewa a gida yana kusa da shi wajen wannan amfani, kuma kuɗinsa bai kai ba.

Kabewa tana da abin da man zaitun ba shi da shi. Launin nan na ja-ja da ke cikinta, jiki yana mayar da shi bitamin A. Wannan bitamin shi ke tsare ido. Yaron da ya rasa shi yakan kamu da dundumi: da rana yana gani, da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe, ya kasa gane akushin tuwo. In abin ya yi nisa, idon ya bushe, ya yi gyambo, yaro ya makance har abada. Rashin bitamin A kuma yana sa ƙyanda da zawo su fi tsanani ga ƙananan yara. Ko an shayar da yaro kwalba guda ta man zaitun, ba za ta warkar da dundumi ba.

Amma ga wani abin lura. Bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Kabewar da aka dafa da ruwa zalla, yawancin amfaninta yana wucewa. In aka sa mata ɗan mai, ko dakakkiyar gujiya, ko ƙuli-ƙuli, jiki ya fi ɗauka. Ashe masu miyar taushe sun daɗe da sanin hanya. Kowane mai yana wannan aiki, ba sai na zaitun ba.

Ga yaron da ya cika wata 6, a dafa kabewa ta yi laushi, a murje ta, a zuba cikin kununsa da ƙaramin cokali na mai, a ci gaba da ba shi nono. Wajen saye, a zaɓi wadda cikinta ya fi ja. Mai fari-fari bitamin ɗinta kaɗan ne. Ƴaƴan cikinta ma ba abin zubarwa ba ne: a wanke, a shanya, a soya, suna gina jiki. Ɗanyen ganyenta yana shiga miya.

Kabewa ba ta hana zuwa gidan likita. Yara daga wata 6 zuwa shekara 5 ana ba su ƙwayar bitamin A sau biyu a shekara. Yaron da dundumi ya riga ya kama, a kai shi nan da nan.

Ajiya don rani

Dundumi ya fi yawa lokacin da ɗanyen ganye ya ƙare. Kabewar da ta ƙosa, in aka cire ta da ɗan guntun ƙotarta, ba rauni a jikinta, tana yin watanni a wuri mai inuwa da iska. Kada a ɗora wata bisa wata, kuma a riƙa dubawa don fitar da wadda ta fara ruɓa. Wadda aka riga aka fasa, a yanyanka ta siri-siri a shanya a inuwa, domin zafin rana yana rage bitamin. In ta bushe sai a zuba cikin tulu a rufe.