Gudun Famfalaki: Abin Da Na Koya Daga Yayana

Yayana lebura ne a wani kamfanin jima da ke Challawa, mu kuwa gidanmu yana Sharaɗa. Kullum da asuba a guje yake tafiya wurin aiki, ba don rashin kuɗin mota ba, sai don sha'awa. Ya tara albashinsa ya tafi Legas a watan Fabrairu na 2024 domin shiga gasar gudun famfalaki wadda aka fara a 2016. Amma da ya kai wajen kilomita 30 sai ƙafafunsa suka ƙi ɗaguwa, ya zauna a bakin titi. Ya dawo gida cikin kunya, har Baba ya ce masa, "In ka sake zubar da kuɗinka a wannan wahala, ba da yawuna ba."

Da muka koma makaranta na tambayi malaminmu na wasanni dalili. Ga abin da ya koya mini.

Tsawon wannan gudu kilomita 42 ne da mita 195, kamar yadda aka auna a gasar Olamfik ta Landan a 1908. Idan mutum ya ci tuwo ko shinkafa, jiki yakan ajiye wani irin sukari a hanta da tsoka, shi ne man da ake ƙonawa wajen gudu. Wannan ajiya takan ƙare a wajejen kilomita 30. Daga nan sai jiki ya dogara ga kitse, wanda ba ya ba da ƙarfi da sauri. Mai gaggawa tun farko shi ke saurin ƙarar da ajiyarsa. Kuskuren Yaya ke nan: ya saba da gajeren gudu mai sauri, bai taɓa gwada dogo ba.

Maganin abin huɗu ne. Na farko, a yi dogon gudu sau ɗaya a mako, a hankali, yadda mutum zai iya magana yana gudu. Na biyu, a riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma a mako. Na uku, a huta kwana ɗaya ko biyu, domin lokacin hutu ne tsoka ke gyaruwa. Na huɗu, a sha ruwa, a ɗan ci dabino a hanya.

Da aka ba mu hutu na kai wa Yaya wannan bayani. Da fari dariya ya yi, ya ce, "Ƙane zai koya wa wa gudu?" Daga baya ya yarda. Ranar Lahadi, lokacin da manyan motoci suka ragu, mukan tashi bayan sallar asuba mu nufi Bompai, yana gudu ina bin sa a keke da gorar ruwa da dabino. Yanzu yana yin kilomita 32 bai zauna ba. Ran nan Baba da kansa ya tambaye ni, "Nawa ya yi yau?"

'Yan'uwana ɗalibai, Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gasar Rum a 1960. Ashe ba kayan ado ne ke gudu ba, horo ne da haƙuri. Mu da za mu yi tseren gidaje bana, mu tuna: sannu ba ta hana zuwa.