MALAM, KA CE YA YI KARATU, AMMA KA NUNA MASA TA INA ZAI FARA?



Wannan rubutun na 'yan uwana malamai ne, musamman masu koyarwa a sakandare, da malaman Islamiyya waɗanda yaran sakandare ke zama a gabansu da yamma. Iyaye ma kada ku wuce, akwai rabonku a ciki.

Kwanakin baya ina ba da karatu bayan La'asar sai na lura da wani yaro ɗan SS3 yana ta gyangyaɗi, kuma ba ranar ya fara ba. Da aka tashi na tsayar da shi, na ce kwantar da hankalinka, ba duka ba ne, faɗa min yadda ka yi jiya tun daga Asuba. Ya lissafo min: ɗibar ruwa, makaranta har ƙarfe biyu, lesin har kusan La'asar, Islamiyya, bayan Magariba shagon babansa. Ƙarfe goma ya dawo gida, babu wuta, ya kunna fitilar waya ya zauna kwafar rubutun wani darasi da aka ce gobe za a duba littafi, wanda bai gama ba zai sha bulala. Sai kusan ƙarfe ɗaya ya kwanta. Na ce to lissafi fa, yaushe ka zauna ka yi shi? Ya ce, Malam, ai malamin lissafi ba ya duba littafi. Na ce me kake son karantawa a jami'a? Ya ce injiniya.

Kun ji fa. Wannan yaron ba malalaci ba ne, wallahi ya fi wasunmu aiki a yini. Amma tsoron bulala ne ke jera masa ayyukansa. Malamin da ya fi zafi shi ke samun daren yaron, fannin da makomarsa ta rataya a kai kuwa ko oho. Kuma a duk malaman da ke shiga ajinsu, har da ni da nake zaune da shi kullum da yamma, babu wanda ya taɓa ce masa: wannan shi ne farko, wannan ya jira.

Alhali mu Musulmi bai kamata a riga mu sanin wannan ba. Malamai suna da ƙa'idar da suke cewa al-ahammu fal muhimmu, wato a fara da mafi muhimmanci sannan mai bi masa. Ku duba hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim, lokacin da Manzon Allah (SAW) zai tura Mu'azu ɗan Jabal (RA) zuwa Yaman. Bai damƙa masa addini gaba ɗaya ya ce je ka zube musu ba. Ya sanar da shi irin mutanen da zai tarar, cewa Ahlul Kitabi ne. Sannan ya jera masa: ya fara da kiransu zuwa ga shahada, idan sun amsa ya sanar da su salloli biyar, idan sun amsa wannan sannan ya sanar da su zakka. Sallah ba ƙaramin abu ba ce, zakka ma haka, amma kowacce da gurbinta a layi. Abin lura a nan, malamin ne ya yi wa ɗalibinsa jerin. Bai bar shi ya je ya gano da kansa ba, ga shi kuwa Mu'azu yana cikin manyan masanan Sahabbai. To ina ga ɗan shekara sha shida?

Malamanmu na zaure sun fahimci wannan sarai. Ba za ka zo yau ka ce a buɗe maka Muhtasar ba. Za a ce ka yi Ƙawa'idi? Ka yi Ahalari? Ishmawi fa, Iziyya fa, Risala fa? Haka a makarantar allo, ba a yi maka ƙari sai ka biya na allonka an ji ya zauna, sannan ka wanke. Yaro a can bai taɓa tashi da safe yana ruɗewa a kan me zai karanta yau ba, domin tsarin ya riga ya amsa masa. A sakandare kuwa fanni takwas ko tara ake ɗora masa lokaci guda, kowane da malaminsa, kowane malami kuma yana magana kamar nasa kaɗai ake yi a makarantar.

Tunda na ambaci Ahalari, akwai wata mas'ala a cikinsa da nake yawan tuna wa malamai. Mai littafin ya bayyana cewa wanda ake binsa bashin sallolin farilla ba zai tsaya yana nafilfili irin su walaha da tarawihi ba, ramuwa ce a gabansa, in ban da wasu sunnoni ƙalilan da aka keɓe kamar wutiri da raka'o'in alfijir da idi. Ba ina cewa hukuncin karatun boko ɗaya ne da na sallah ba, kada wani ya ɗauke min magana. Hikimar nake so mu ara. Yaranmu da yawa suna da bashin karatu. Akwai ɗan SS2 da har yanzu sau bakwai da sau takwas ke ba shi wahala, akwai wanda ba zai iya karanta sakin layi ɗaya na Turanci ya faɗa maka abin da ya fahimta ba. Irin wannan idan ka bar shi yana haddar ma'anonin kalmomin Kemistiri, gini yake yi a kan rairayi. Malami nagari zai gano bashin, ya faɗa wa yaron a keɓe, ba a gaban aji ba, ya ce minti talatin ɗinka na farko kullum na wannan ramuwar ne har mu ga ta biyu.

To a aikace yaya za a yi?

Abu na farko ba ya cin ko sisi. Malamin aji ya ɗauki darasi ɗaya a farkon zango, ya ajiye manhaja gefe, ya ce kowa ya fito da takarda ya rubuta abin da yake son karantawa bayan sakandare. Sannan ya gaya musu gaskiyar yadda abin yake. Shiga jami'a a Najeriya yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO ko makamancinsu, kuma a yawancin kwasa-kwasai dole Turanci da lissafi su kasance a ciki. JAMB fanni huɗu ce a kan maki 400, Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kuma kwas ɗin da ka zaɓa ne ke yanke su. Mai son likitanci Bayoloji da Kemistiri da Fiziks ne a gabansa, mai son injiniya lissafi da Fiziks da Kemistiri. Za ka yi mamakin yawan yaran da sai sun je wajen rajista suke jin wannan, wani ma mai shagon kwamfuta ne ke zaɓar masa. Idan yaro ya san waɗannan huɗu ko biyar ɗin su ne farillarsa, sauran ba zai yar da su ba, amma ya san wa zai ba safiyarsa, wa zai ba ragowar lokaci.

Sai maganar jadawali. Na sha ganin yaro ya zana jadawali mai kyau da jan biro da shuɗi, ya manna a bango: huɗu zuwa biyar kaza, biyar zuwa shida kaza. Kwana uku ya mutu. Dalili kuwa gidajenmu ba da agogo suke tafiya ba. Za a aike shi, baƙo zai zo, wuta za ta ɗauke. Amma akwai turaku biyar da Allah ya kafa mana a yini waɗanda ba sa motsi, kuma a Suratun Nisa'i an bayyana cewa sallah abu ce mai ƙayyadadden lokaci a kan muminai. Ku koya wa yara su ɗaure karatunsu a jikin waɗannan turakun. Bayan Asuba fanni mafi wuya, kafin gida ya tashi. Tsakanin Magariba da Isha tilawa. Bayan Isha aikin gida da shirya jakar gobe. Yaron da ya ce zan yi lissafi ƙarfe biyar da rabi zai iya mantawa, wanda ya ce zan yi lissafi da na dawo daga masallaci da Asuba, ladan ne zai riƙa tuna masa.

Lokacin Asuba ɗin nan kuwa kada a raina shi. Annabi (SAW) ya yi wa al'ummarsa addu'ar albarka a cikin sammakonta, kuma Sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhr al-Gamidi (RA), ɗan kasuwa ne, ya riƙa tura kayansa da sassafe har ya yi arziki. Abu Dawud da Tirmizi sun kawo shi. Amma sammako ba ya yiwuwa ga wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya. Shi ya sa al'adar nan ta kwana karatu idan jarrabawa ta matso, a sha shayi mai ƙarfi a tsoma ƙafa a ruwa, ni ban ga alherinta ba. Ku tuna ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i (RA) a Bukhari. Salman ya kwana a gidan ɗan uwansa, duk lokacin da Abud Darda'i ya miƙe zai yi sallar dare sai ya ce masa ya koma ya kwanta, sai a ƙarshen dare suka tashi tare. Ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, kansa ma yana da haƙƙi, iyalinsa ma haka. Da labari ya je wa Annabi (SAW) sai ya gaskata Salman. Idan sallar dare ma an ce a yi barci tukuna, ina ga Bayoloji?

Yanzu bari in zo inda zai ɗan yi mana ɗaci. Kaso mai yawa na rashin tsarin yaran nan daga ofishin malamai yake fitowa. Malamai uku su ba da jinga rana ɗaya, kowa ya ce gobe. Sati guda a jera gwaji huɗu, sati biyu kuma babu ko ɗaya. Wani ya ba monita littafinsa ya cika allo da rubutu, shi yana can yana hira, yara su kwashe darasi guda suna kwafa, abin da ba su gama ba su ƙarasa da dare. Sannan mu dawo muna cewa yaran yanzu ba su da tsari. Mene ne wahalar a manna takarda ɗaya a bangon ofis, duk wanda ya ba wani aji aiki ya rubuta ranar karɓa, na bayansa ya duba kafin ya ba da nasa? Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi. Wani ya roƙe shi ya mayar da shi kullum, ya ƙi, ya ce yana gudun ya gundure su, kuma haka Annabi (SAW) yake kula da su wajen zaɓar lokacin wa'azi. Wannan fa wa'azi ne ga manya, daga bakin Sahabi. Mu kuma muna ganin yawan lodi shi ne alamar malami mai ƙwazo.

Babban aiki kuma a yanka musu shi. Kada ka ce ku karanta babi na ɗaya zuwa na takwas kafin jarrabawa ka juya ka tafi. Ka ce wannan satin babi na ɗaya, ranar Litinin zan yi tambaya biyar a kai, kuma Litinin ɗin ka yi. Kowane yaro ya ware shafin ƙarshe na littafi ɗaya, ko ɗan ƙaramin littafi, inda zai rubuta duk aikin da aka ba shi da ranar da za a karɓa, ya soke wanda ya gama. Minti biyar na ƙarshen darasi ya isa a duba wannan. Hadisin Nana A'isha (RA) sananne ne, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Tambaya biyar ta lissafi kullum har tsawon zango ta fi tambaya ɗari a daren jarrabawa.

Waya kuwa, wa'azin a daina gaba ɗaya mun yi shi mun gaji, bai yi aiki ba. Abin da na ga ya fi kamawa shi ne a ba ta gurbinta a bayan layi: ba a taɓa ta bayan Asuba sai an gama karatun safe, ba a kwana da ita a kan shimfiɗa. Haka gidan kallon ƙwallo.

'Yan mata lissafinsu daban ne, kuma malamai maza mukan manta. Yarinya ta dawo makaranta ga wanke-wanke, ga girkin dare, ga ƙanne, wata ga talla. Ba za ka ba ta jadawalin da ka ba namiji ba. Sau da yawa abin da take buƙata shi ne malama ko malamin aji ya yi magana da mahaifiyarta cikin girmamawa, a roƙa mata awa ɗaya a yini wadda ba za a kira ta ba, ko da a watannin jarrabawa ne kawai. Uwaye da yawa za su yarda, ba a taɓa tambayarsu ba ne.

Mu kuma malaman Islamiyya, idan Mayu da Yuni suka zo, yaranmu na SS3 sukan ɓace, wasu daga nan ba su ƙara dawowa ba. Kuskure biyu muke yi. Ko mu ce dole hadda ta ci gaba kamar yadda take, yaro ya gaza ya gudu, ko mu ce je ka sai ka gama jarrabawa, ya saba da rashin zuwa. Abin da na yi da yaron can shi ne na dakatar masa da sabon ƙari har ya gama, na bar masa tilawar abin da ya riga ya haddace tsakanin Magariba da Isha, ya zo min sau biyu a sati ya biya. Babansa kuma na same shi a shago bayan sallah, muka yi magana, ya yarda yaron ya riƙa tashi ƙarfe takwas da rabi. Sallah a kan lokacinta kuwa na faɗa masa ba ta cikin abin da ake ragewa, ko da ranar takardar lissafi ce.

Wallahu a'alam.