Fitilar Taya da Fitilar Birki: Yadda Za Ka Gane Abin da Motarka Ke Faɗa Maka

Darasin yau ya bar wayar da ke hannunka ya koma kan dashbod ɗin mota. Da yawa daga cikinmu idan wata fitila ta kunna sai mu kau da kai, wasu ma har su manna mata salatif. Amma fitilun taya da na birki ba na wasa ba ne, domin a kansu tsayawar mota ta dogara.

Fitilar taya

Alamarta ruwan ɗorawa ce, mai kama da tukunya da alamar motsin rai a tsakiya. Tsarin da ke kunna ta ana kiransa TPMS. A Amurka doka ta wajabta shi a sababbin ƙananan motoci tun 2007, bayan haɗurran da suka biyo bayan fashewar tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer. Tarayyar Turai ta wajabta shi ga duk sababbin motoci a 2014. Shi ya sa yawancin motoci 'yan Kwatano na waɗannan shekarun suke zuwa da shi.

Tsarin iri biyu ne. Na farko yana da ƙaramar sensa mai batir a cikin kowace taya, tana auna iska tana aika wa kwamfutar mota ta siginar rediyo. Na biyu ba ya auna iska ko kaɗan. Yana amfani ne da sensar ABS da ke ƙirga juyawar kowace ƙafa. Tayar da ta rage iska tana ɗan ƙanƙancewa, sai ta riƙa juyawa fiye da sauran, daga nan kwamfuta ta gane.

Ka lura da yadda fitilar ta kunna. Idan ta tsaya cak, iska ce ta ragu. A tsarin Amurka tana kunnawa ne idan iska ta faɗi da kashi 25 cikin 100, wato tayar da ya kamata ta kasance a PSI 32 ta sauko zuwa 24. Ke nan kafin ka ga fitila, tayar ta jima tana wahala. Idan kuwa ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya, laifin na tsarin ne: ko batirin sensa ya mutu, ko an fasa ta wajen cire taya, ko an sa wata ƙafa da ba ta da sensa. Batirin kan yi shekara 5 zuwa 10.

Lokacin hunturu za ka iya ganin ta da asuba, rana na ɗagawa ta ɓace. Dalili shi ne iska na raguwa da kusan PSI 1 duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salsiyos. Wannan alama ce cewa tayar tana bakin iyaka, a ƙara mata iska.

Nawa za a sa? Buɗe ƙofar direba, za ka ga takarda manne a jikin ginshiƙin, ita ce ke da adadin da kamfani ya tsara. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, kada ka bari mai faci ya cika ta har can. A auna da safe kafin a yi tafiya. Idan motarka mai tsari na biyu ce, sai ka sake saita shi ta maɓalli ko ta allon dashbod bayan ka gyara iskar.

Fitilun birki

Jar alama mai da'ira tana nufin ɗayan biyu: birkin hannu bai sauka duka ba, ko man birki ya yi ƙasa. Idan ka sauke birkin hannu ba ta mutu ba, tsaya ka duba robar man. Raguwarsa na nuna fad ya cinye ko akwai yoyo, don haka ƙara mai kaɗai ba gyara ba ne. Ka yi amfani da irin da aka rubuta a murfin, galibi DOT 3 ko DOT 4.

Fitilar ABS ruwan ɗorawa ce. Birki na nan yana aiki, amma tsarin da ke hana ƙafafu kullewa a birkin gaggawa ya daina. Idan ja da ruwan ɗorawa suka kunna tare, kada ka ci gaba da tafiya.

Kunnenka da ƙafarka ma na'urori ne. Ƙara mai tsini kamar fito na nufin fad ya kusa ƙarewa. Gurzar ƙarfe da ƙarfe na nufin ya ƙare, yana cin faifan birki. Idan feda ta yi laushi tana nutsewa, akwai iska a layin mai ko yoyo, kuma wannan ba ya jira gobe. Idan sitiyari na karkarwa yayin taka birki da gudu, faifan ne ba daidai ba.

Inda biyun suka haɗu

Idan mota na ja gefe ɗaya lokacin birki, fara da auna tayoyi kafin ka biya kuɗin kwance birki. Sau da yawa taya ɗaya ce ta yi laushi. Haka kuma a mota mai tsari na biyu, sensar ABS guda ɗaya da ta lalace za ta iya kunna fitilar ABS da ta taya lokaci guda.

Ina wayarka ta shigo?

Ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai suna OBD-II, wadda ke cikin motocin Amurka tun 1996. Za ka iya jona mata ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth, ka karanta lambobin matsala da manhajoji irin su Torque ko Car Scanner. Sai dai masu arha galibi na injin kawai suke karantawa, ba kasafai suke shiga ABS ko TPMS ba. Kuma goge lamba ba ya gyara komai, fitilar za ta dawo.

Don haka ka sayi ma'aunin iska ka ajiye a mota, ka auna duk wata har da safaya. Abin da ya shafi birki kuwa, ka kai wa bakanike da bayanin abin da ka gani da abin da ka ji. Allah Ya tsare hanya.