Harshen Ciniki a Kasuwar Tufafi: Abin Koyarwa ga Malamin Hausa

Gabatarwa

Kowace sana'a tana da irin nata harshe, wanda masana ke kira karin harshen rukuni. A wannan darasi za mu duba na masu sayar da yadi da kayan ɗinki, mu kuma ga yadda malami zai yi amfani da shi a aji. An zaɓi Kantin Kwari da ke Fagge a Kano domin misali, saboda 'yan kasuwa daga sassan Nijeriya da Nijar da Chadi suna zuwa can sari. Tufafi kuwa tsohuwar haja ce a Kano, domin tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) aka kafa Kasuwar Kurmi, inda aka daɗe ana cinikin saƙi da kore da baƙi.

Sunayen Kaya da Ma'auni

Mai shiga Kwari zai tarar da atamfa da shadda da leshi da boyel da alawayyo. Daga nan sai ya nemi rumfar kayan ɗinki domin zare da allura da almakashi da maɓalli da ƙyallen shafi. Wannan jeri kaɗai ya ishi malami darasi guda a kan aron kalmomi: allura da almakashi daga Larabci suke, yadi da leshi da tela daga Ingilishi, amma zare da saƙi da ɗinki na gida ne. A nuna wa ɗalibai yadda Hausa takan ƙara wasali a ƙarshen yawancin baƙin kalmomi kafin ta karɓe su.

Ma'auni shi ne inda ɗalibai suka fi tuntuɓe. A da ana auna ƙyalle da kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ko kuma da gaba. Da yake hannun wani ya fi na wani tsawo, ba a rasa gardama. Yau da yadi ake aunawa, atamfa kuma a sayar da ita turmi-turmi, galibi yadi 6, abin da zai ishi mace zane da riga da ɗankwali. Yaron da bai san wannan ba, da ya ji an ce turmi sai hankalinsa ya tafi ga na daka.

Haka ƙidayar kuɗi take. Ko da yake naira ta maye gurbin fam a 1973, har yanzu dattijo zai ce jaka yana nufin naira 200, alhali ga baƙon da ya zo daga Maraɗi jaka ita ce sefa 1,000. Idan ba a tantance ba, sai a rabu baram-baram.

Tsarin Ciniki

Ciniki yana da matakai da ba a tsallakewa. Dubi wannan misali:

"Salamu alaikum, Alhaji, ina kasuwa?"
"Alhamdu lillahi, Hajiya. Me za a ba ki?"
"Wancan turmin mai ruwan goro, nawa?"
"Taya mana, Hajiya."
"Na saya dubu goma."
"Albarka."

A lura da kalmar albarka. Ma'anarta a nan ita ce ƙin tayin, amma cikin ladabi, ba tare da an yanke zumunci ba. Ɗan kasuwar da ya ce "a'a" ƙiri-ƙiri ya kori mai saye. Mai saye zai yi ta ƙari, ko ya nemi ragi, har mai kaya ya ce "na sallama". Daga wannan lafazi ciniki ya faɗa, kuma abin kunya ne ɗayansu ya janye. Idan da dillali a tsakani, sai a fitar masa da la'ada.

A ganina kuskure ne malami ya rubuta waɗannan kalmomi a allo ya ce a haddace. Gara ya zo da ƙyallaye da abin awo, ya mai da teburinsa rumfa, ɗalibai su yi ciniki da bakinsu. Ta haka zai gane wanda ya san inda ake cewa albarka.

Aikin Yi

Ziyarci kasuwar garinku, ka saurari cinikin yadi guda biyu, ka rubuta su kamar yadda ka ji. Sannan ka tsara darasin minti 40 a kansu domin aji ɗaya na ƙaramar sakandare.