Amsoshin Tambayoyinku: Ƙwaron Madagaska Mai Dogon Harshe

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko da tambaya: wane ƙwaro ne ya fi kowanne dogon harshe, kuma yaya kamanninsa suke?

To malam, amsar tana tsibirin Madagaska. Wani malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, masana na kiransa Xanthopan praedicta. A 2021 aka tabbatar cewa jinsi ne mai zaman kansa, bayan an daɗe ana lissafa shi cikin ɗan'uwansa na nahiyar Afirka.

Harshensa kan kai har santimita 28 da rabi. Idan ba ya shan zaƙin fure, sai ya naɗe shi kamar gammo a ƙarƙashin kansa. Fikafikansa na gaba ruwan ƙasa ne mai dabbare-dabbare, har in ya lafe a jikin itace da rana ba a bambanta shi da ɓawo. Na baya kuwa suna da tabo ruwan ɗorawa.

Tun a 1862 masanin halittu Charles Darwin ya ga wani farin fure na Madagaska mai doguwar jakar zaƙi, ya ce dole akwai ƙwaron da harshensa zai kai gindinta. Sai a 1903 aka bayyana ƙwaron, wato wannan malam-buɗe-littafi, bayan rasuwar Darwin.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.